Test Track da Figment a EPCOT: Inda Kuɗin Kamfani Ya Zauna da Inda Ya Tashi

Tun da aka buɗe EPCOT, ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawa na kamfanin Disney, a Florida a 1982, Disney ya raba manyan gine-ginen wurin tsakanin kamfanoni: kamfani ya zuba kuɗin gini da na kula, a liƙa sunansa a ƙofa. General Motors ya ɗauki ɓangaren sufuri, Kodak kuma ya ɗauki na tunani da ƙirƙira. Wanda ya biya tikitin da ya haura dala 100 ya hau abubuwan da ke waɗannan gine-gine biyu a yini ɗaya, zai ga bambancin da idonsa.

Test Track, abin hawan da ke ginin General Motors, mota ce mai cin mutum shida, uku gaba uku baya, tana aiki da lantarki, akwai kuma tsaga a tsakiyar titin da ke riƙe da ita ta ƙasa. Za ta yi ta kwana da birki a cikin gini, sannan ƙofa ta buɗe ta fita waje a guje har kilomita 104 a awa, a kan titi mai karkata da ya zagaye ginin. Wannan fitar kaɗai ta isa a bi layi dominta.

Ba da sauƙi aka same ta ba. An so buɗewa a 1997, sai 1999 abin ya yiwu, domin tayoyin farko ba su jure wahalar ba, manhajar da ke hana motoci masu yawa cin karo kuma tana ta tsayawa. Gyaran irin wannan matsala na kusan shekara biyu sai mai aljihu. An sabunta ta a 2012 da sunan Chevrolet, ɗaya daga cikin samfuran motocin General Motors, aka rufe a 2024, aka sake buɗewa a Yulin 2025 da sabbin ɗakuna. Titin dai shi ne na da.

Tana da nata aibin. Da an ga walƙiya a kusa sai a tsayar da ita saboda sashen waje, kuma damunar Florida hadarin la'asar gare ta, don haka a hau da safe. Na'ura ɗaya ta ga mota ba ta inda ya kamata, duk layin ya tsaya cak. Yaron da bai kai santimita 102 ba, ba a barinsa. Wanda bai damu a raba shi da iyalinsa ba ya bi layin masu hawa su kaɗai, ya fi sauri sosai. Sannan hannun mai ɗaukar nauyi a fili yake: hanyar fita ta cikin ɗakin nunin motocin kamfanin ta bi, kuma labarin bai taɓa tambayar ko mota na da illa ba.

Ginin da Kodak ya ɗauki nauyi, inda Figment yake, shi ne ke ɓata rai. Abin hawa na asali, wanda ya fara aiki a 1983, tafiyar minti 11 ce ko fiye. Kekunan kan shiga wani ƙaton dandali mai juyawa, su riƙa zagayawa tare da shi da gudu ɗaya, ta yadda fasinja zai daɗe yana kallon mutum-mutumin Dreamfinder, dattijo mai jan gemu, yana ƙirƙiro ɗan dodon nan mai launin shunayya, Figment. Daidaita keke da dandali aiki ne mai tsada da yawan lalacewa. A 1998 aka rufe domin sabuntawa, a lokacin da kasuwar fim ɗin kyamara ta fara yi wa Kodak wuya. Aka cire dandalin, aka datse hanya, lokacin tafiya ya koma kusan rabi, aka kori Dreamfinder, aka rufe ɗakin wasannin da ke bene. Jama'a suka ƙi abin da aka buɗe a 1999, har aka rufe shi a 2001, aka dawo da Figment a 2002. Kodak ya janye a 2010, babu wanda ya maye gurbinsa.

Abin da ake hawa yau na 2002 ɗin ne, kusan minti shida. An yi alkawarin zagaya gaɓoɓin ji biyar, uku kawai ake shiga: ƙarar jirgin ƙasa cikin duhu, allon gwajin ido, sai ɗakin da ake fesa wari irin na tunku, wanda yara ke ƙyaƙyatawa a kansa. Gidan Figment da aka kifar, kujeru na lilo daga rufi, yana da kyau, haka ma ɗakin ƙarshe. Tsakaninsu bango ne da ƙofofin ofis da fenti. Ana ganin inda kuɗi ya ƙare.

Duk da haka ba a ƙi shi gaba ɗaya ba. Babu iyakar tsawo, akwai sanyi, layin kuma sau da yawa gajere ne, ya dace da tsakar rana ga masu ƙananan yara. Baligi mai yini ɗaya tak ya fara da Test Track da an buɗe ƙofa, ya bar Figment sai in lokaci ya ragu.