Garejin da ya gano min an juya faifan kulochi

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005 mai giyar hannu, kuma a 'yan watannin baya kulochinta ya fara sulɓi, wato a taka totur injin ya yi ta gurnani amma gudu bai ƙaru ba. Na kai ta wurin wani bakanike a unguwarmu, ya sauke giyabos ya sa sabon faifai, sai dai tun ranar da na karɓo ta giya ta daina shiga cikin daɗin rai. Lamba ɗaya sai da kokawa, ribas kuwa ƙara take yi kamar ana niƙa tsakuwa. Da na koma, ya ce sabon kulochi ne, in ba shi mako guda zai zauna. Mako ya wuce bai zauna ba, ya canza kulochin ƙasa, wato 'yar silindar da ke jikin giyabos wadda ke tura kulochi idan an taka feda, kuɗi suka sake fita, matsala tana nan daram. Wani direban haya ne ya kwatanta min wani gareji a gefen kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, kuma aikin wannan gareji nake son bayyana wa masu mota irin tawa.

Abin da ya fara burge ni shi ne maigidan bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi: yaushe matsalar ta fara, me aka canza, kuma kafin a yi aikin giya tana shiga lafiya ko kuwa. Daga nan ya zauna a mazaunin direba, injin a kashe, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, duk suka shiga sumul. Da ya tayar da injin ya taka kulochi har ƙasa, lamba ɗaya ta ƙi. Ya ce, "Alhaji, giyabos ɗinka lafiyarsa ƙalau, kulochin ne ba ya saki." Hujjarsa ita ce, da haƙoran giya ne suka lalace, da ko injin a kashe za a ji alamar, amma tunda sai injin yana juyawa take gardama, to faifan bai rabu da filaiwil ba, wato babban faifan ƙarfen da injin ke juyawa, ko da an taka.

Bai yi gaggawar sauke giyabos ba, domin a cewarsa rashin saki yakan fito daga waje, kuma na waje ya fi arha. Ya duba man birkin da kulochin ke aiki da shi, ya sa yaronsa ya taka feda sau da yawa a jere don a ga ko giya za ta shiga bayan haka, wanda da ya faru da an san iska ce a cikin layin. Ya kuma leƙa ƙasa yana kallon yadda kulochin ƙasa ke tura ƙarfen da ke danna boris ɗin da ke sa kulochi ya saki, ya ga yana tafiya iyakar tafiyarsa. Sannan aka ɗaga gaban motar da jak, aka tayar da ita a lamba ɗaya da kulochi a take, tayoyin gaba suka ci gaba da juyawa da ƙarfin da yaron ya kasa tsayar da su da guntun katako. A nan ne maigidan ya kira ni in kasa kunne kusa da inda injin ya haɗu da giyabos, na ji wata 'yar ƙarar gogar ƙarfe da ban taɓa lura da ita ba.

Washegari aka sauke giyabos a gabana, domin ya ce ba ya buɗe irin wannan aiki sai mai mota yana tsaye, kada a ce shi ya ɓata. Faifan kulochi fuska biyu gare shi: ɗaya kusan shafaffiya ce, ɗayar kuma cibiyarta mai ɗauke da sifirin ta turo waje. A wannan mota, gefen da ya turo giyabos yake kallo. Nawa an juya shi, cibiyar tana gugar kawunan notocin filaiwil, har ta bar musu zane mai sheƙi kamar an goge su da fayil. Saboda cibiyar ta tokare, duk yadda aka taka feda faifan ba shi da sararin da zai saki. Ya nuna min cewa kamfanoni da dama sukan buga rubutu a jikin faifan da ke faɗin gefen da zai kalla, har ma na Jamus irin su LuK da Sachs wani lokaci da Jamusanci suke rubutawa, abin da yakan rikita yaran gareji. Ya kuma nuna min giris da aka lafta a haƙoran sandar giya, wato sandar giyabos da ke shiga cibiyar faifan, wanda ya fara fantsama kan faifan, ya ce da an daɗe da sulɓin ya dawo.

Faifan bai sake moruwa ba, don haka muka shiga kasuwa tare, ya ɗora tsohon a kan sabon yana gwada faɗi, ya ƙirga haƙoran cibiya, ya kuma zura shi a sandar giya kafin a biya kuɗi. Na kamfanin Aisin muka ɗauka, kuma ya nace a canza boris gaba ɗaya tunda an riga an buɗe. Wajen ɗaurawa ya yi amfani da sandar daidaita tsakiya maimakon ƙiyasin ido, ya ɗaure notocin firesha, wato murfin da ke matse faifan a jikin filaiwil, kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan na daura da shi.

Wurin yana da nasa aibu. Babu inuwar kirki sai wata rumfar kwano da benci guda, ba a ba da rasit, kuma aikin da aka ce na yini ɗaya ne ya ci kwana uku saboda motocin haya da ke gabana. Kuɗin aikinsa ma ya ɗara na bakaniken unguwa, kuma ba ya son ciniki. Duk da haka, ga wanda aka canza wa kulochi giya ta fara gardama, nan zan tura shi, da sharaɗin ya je da sassafe kuma ya riƙo tsohon faifan da aka cire masa idan yana hannunsa. Tawa motar yanzu wata biyu ke nan ribas tana shiga da yatsu biyu.