Ciwon dasashi: da suga ya fi alaƙa ko da zuciya?

'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin ce tana fama da ciwon suga da hawan jini, dasashinta na fid da jini duk sanda ta yi asuwaki, har likita ya tura ta wajen likitan haƙori. Yayanku kuma ya ce shi dai abin da ya sani, ciwon haƙori zuciya yake taɓawa, babu ruwansa da suga. To, duka biyun akwai alaƙa, sai dai ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma wadda Yaya ya kore ita ce mai ƙarfin.

Ba kogon haƙori ake nufi a nan ba, ciwon dasashi ne. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta. In an bar shi sai ya daskare ya zama kanta, dasashi ya kumbura ya fara jini, ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, a hankali ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya zaizaye. Abin da ya sa yake yaudarar mutane shi ne ba ya zafi sai ya yi nisa. Mutum yana cin gorarsa lafiya lau, sai dai wata rana ya ji haƙori na girgiɗi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta masu tsananin wannan ciwo sun kai kusan biliyan 1.

Tsakaninsa da suga, kowanne na hura wa ɗan'uwansa wuta. Idan suga ya daɗe a sama, garkuwar jiki ta yi sanyi, rauni ba ya saurin warkewa, baki kuma yakan bushe, alhali yawu ne ke wanke haƙora dare da rana. Binciken da aka daɗe ana yi a kan ƙabilar Pima ta jihar Arizona a Amurka, waɗanda suga ya yi wa katutu, ya nuna masu ciwon suga sun ninka marasa shi kusan sau 3 wajen lalacewar dasashi. Tun 1993 wani masani mai suna Harald Löe ya kira ciwon dasashi illa ta shida cikin illolin suga, wato ya jera shi da lalacewar ido, ƙoda da jijiyoyi.

Ɗaya ɓangaren ne mutane ba su cika sani ba. Ramukan nan na gindin haƙori gyambo ne a ɓoye, kullum suna zuba sinadaran kumburi cikin jini, su kuma waɗannan sinadarai suna hana jiki jin insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, yadda ya kamata. Sai ka ga mara lafiya yana shan magani, ya rage tuwo da shinkafa, amma suga ya ƙi sauka. An gwada an gani: a 2022 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi, ta samu cewa kankare dasashi a asibiti yana sauke sakamakon gwajin suga na wata uku, wanda za ki ga an rubuta HbA1c a takardar Hajiya, da kimanin maki 0.4 bayan wata 3 zuwa 4. A ido kamar ba komai ba ne. Amma wanda ya taɓa fafutukar sauke wannan lamba daga 8 zuwa 7 ya san darajarsa.

Maganar zuciya kuwa daban take. A 1989 wasu likitoci a Finland suka lura cewa waɗanda bugun zuciya ya kwantar haƙoransu sun fi na sauran mutane lalacewa. Bincike da dama bayan nan ya maimaita ganin haka, har da shanyewar ɓarin jiki. An ma tarar da alamun ƙwayoyin cutar baki a cikin kitsen da ke toshe jijiyoyin jini, kuma wani gwaji da aka wallafa a 2007 ya nuna jijiyoyin jini sun fi saki da buɗewa wata 6 bayan an yi wa dasashi magani sosai. Har nan Yaya yana da hujja.

Inda gizo ke saƙa shi ne, mai shan taba, tsoho, mai suga da wanda talauci ya hana zuwa asibiti, duk su ne ciwon dasashi ya fi kamawa, kuma su ɗin ne dai ciwon zuciya ya fi kamawa. Ganin cuta biyu a jikin mutum ɗaya bai nuna ɗaya ce ta haifi ɗayar ba. Shi ya sa a 2012 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fito ta ce alaƙar tana nan, amma ba a tabbatar da cewa ciwon dasashi ne ke haddasa toshewar jijiyoyi ba, ba a kuma nuna cewa maganinsa na hana bugun zuciya ba. Bambancin ke nan a taƙaice: a suga an yi maganin baki an auna an ga sauƙi, a zuciya kuwa tafiya tare aka gani. Duk mai tallan man goge baki da ya ce zai kare ki daga bugun zuciya, ya wuce gona da iri.

Akwai waje ɗaya da babu musu. Wanda marfin zuciyarsa ya lalace, kamar masu ciwon da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba, ko wanda aka dasa wa marfin roba ko na ƙarfe, ƙwayar cutar baki na iya shiga jini ta sauka a kan marfin ta yi sheƙa. Wannan ciwo yana kisa. Irin waɗannan dole su gaya wa likitan haƙori halin da suke ciki kafin ya taɓa su, don wasunsu sai an ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta tukuna.

Ki duba kwalin maganin hawan jinin Hajiya. Idan amlodipine ne ko nifedipine, su kansu suna sa dasashin wasu ya yi tsiro ya hau kan haƙori, datti ya sami maɓoya. Kada ta daina sha da kanta, a nuna wa likitan da ya rubuta, shi zai san ko a canza. Haka in tana shan aspirin ko wani maganin tsinka jini, a faɗa tun a bakin ƙofa.

Asuwaki ba shi da laifi, in kansa ya yi laushi kuma ba a dirje dasashi da shi ba, sai dai ba ya kai wa haƙoran ƙurya da tsakankanin haƙora sosai. Ta haɗa da buroshi mai taushi da makilin safe da dare, kuma jinin da take gani kada ya sa ta guje wa wajen, nan ne ma ya fi buƙatar wanki. Kantar da ta riga ta daskare kuwa ba asuwaki ba buroshi, sai an kankare a asibiti. Ku nemi layin safe, ta karya kumallo ta sha maganinta kamar kullum kafin ku fita, ki kuma riƙe takardar gwajin sugarta ta ƙarshe, don likitan haƙorin zai so ya gani kafin ya fara aiki.