Maganin sa fitsari: da ciki wayam ko tare da abinci?

Amsar tana canzawa daga magani zuwa magani, kuma furosemide da spironolactone sun fi nuna hakan a fili.

Furosemide ya fi aiki idan ciki babu komai. Ko a hakan ma, kusan rabin abin da aka haɗiya ne kawai yake shiga jini, abinci kuwa yana rage wannan da kimanin kashi 30 cikin 100, sannan yana jinkirta shigarsa. A ganina jinkirin ne ya fi zama abin lura, domin sai maganin ya taru a ƙoda ya kai wani mizani kafin ya fara fitar da gishiri da ruwa. Idan ya riƙa shiga jini kaɗan-kaɗan, yana iya kasa kai wa mizanin. Mai ciwon zuciya da yake haɗiye ƙwayarsa bayan ya cika ciki da karin kumallo zai iya ganin kumburin ƙafarsa ya ƙi sauka, har a zaci adadin maganin ne ya yi kaɗan.

Spironolactone kuwa akasin haka ne, domin abinci yana kusan ninka abin da jiki yake ɗauka daga gare shi, yana kuma rage tashin zuciya. Abin da ake so shi ne a tsaya a kan tsari ɗaya kullum, ko da abinci ko babu.

Wanda furosemide yake damun cikinsa ya tuntuɓi likita kafin ya sauya lokacin shansa, don akwai wani maganin sa fitsari mai suna torsemide, wanda abinci ba ya rage yawan abin da jiki yake ɗauka daga gare shi.