Ghana ta ƙasa ko Kenya ta sama? Amsa ga mai tanti da ƙaramin guzuri

Malam, ka ce ka tara 'yan kuɗi, kana son ka goya jaka ka fita yawon buɗe ido na mako biyu zuwa uku, kana kwana a tanti don kada kuɗin masauki ya cinye ka, kuma hankalinka ya rabu tsakanin Ghana da Kenya. Bari in fara da tantin nan da ka ɗora wa buri, domin ba ko'ina yake da rana ba. A Kenya yana mayar da kuɗinsa. A Ghana kuwa, yawancin tafiyar dakonsa kawai za ka yi.

Hanyar zuwa ita ce babban bambanci. Daga Legas zuwa Accra tafiyar kwana guda ce a mota, ka ratsa iyaka uku: Seme zuwa Benin, Hillacondji zuwa Togo, sannan Aflao ka faɗa Ghana. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba, abin da ake nema a hannunka fasfo ne da katin rigakafin cutar shawara. A takarda kenan. A aikace matafiya sun daɗe suna kukan na goro a kan iyakokin, musamman ga mai sabon fasfon da ba a taɓa buga wa hatimi ba, don haka ka ware ɗan canji daban da guzurinka. Idan ka bi ƙananan motoci kana sauka kana hawa, za ka biya ƙasa da kuɗin babbar bas mai zarcewa, kuma za ka kwana a Kwatano ko Lome a kan hanya, ƙasa biyu kyauta kenan. Sai dai kuɗinka zai canza riga sau biyu, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, kuma kowane canji yana ɗan gutsurar rabonsa.

Kenya ba ta zuwuwa ga mai ƙaramin ƙarfi sai ta jirgi, kimanin awa biyar daga Legas zuwa Nairobi. Shiga ba ta da wuya, domin a 2025 ƙasar ta sauƙaƙa wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka sharaɗin izinin shiga, ko da yake ka duba ƙa'idar da ake kai kafin ka sayi tikiti. Matsalar tikitin ne. Kuɗin zuwa da dawowa kaɗai zai iya kai abin da za ka kashe a Ghana tun daga fitarka gida har komawarka. Duk rahusar da tanti zai kawo maka sai ta fara cike wannan ramin tukuna.

To, idan ka iya tsallake wannan, a nan Kenya take nuna fifikonta. Kwana a tanti sana'a ce da ta kafu a can. Daga Nairobi ka shiga matatu, wato ƙananan bas ɗinsu, zuwa Naivasha, tafiyar kilomita 90 ko kusa da haka. A bakin tafkin Naivasha akwai filayen da aka tanada don masu tanti, da banɗaki, da wurin wanka, da wurin girki, kana biyan kuɗin fili kawai. Wasu an kewaye su da waya mai lantarki saboda dorinar ruwa na fitowa kiwo da dare, kuma ba dabbar wasa ba ce, kada ka kuskura ka kafa a inda ka ga dama don gudun biyan kuɗi. Kusa da nan gandun Hell's Gate yake, inda ake barin mutum ya yi hayar keke ya ratsa tsakanin jakunan dawa da raƙuman dawa ba tare da motar safari ba. Ga kuma dutsen Longonot, mai tsayin mita 2,776, da ake hawa a sauko a yini ɗaya. Wannan yanki shi ne Kenyar talaka. Maasai Mara kuwa, wato shahararren gandun namun dajin nan, ka cire ta daga lissafi: kuɗin shiga na baƙo yana kaiwa dala 200 a rana a watannin da garken dabbobi ke tsallake kogin Mara, ban da mota da direba.

Abu biyu kan ba mutanenmu mamaki a can. Na farko sanyi. Nairobi tana kan tudu mai kusan mita 1,800, Naivasha ta ɗara haka, kuma daren Yuli a cikin tanti ba ya jin zanin rufa, sai da jakar barci mai kauri. Na biyu leda. Tun 2017 Kenya ta haramta ledar zuba kaya, kai kuwa na san da ita za ka so naɗe takalmi da garin kwaki. Nemi jakar yadi. Tukunyar gas ta girki ma ba a hawa jirgi da ita, sai ka saya a can.

Ghana ba haka take ba. Akwai wuraren da tanti ke da amfani: gandun Mole a arewa, inda ake fita da ƙafa tare da jami'i mai bindiga a ga giwaye, da yankin Wli kusa da Hohoe mai babban magangarin ruwa, da wasu masaukan bakin teku da ke barin baƙo ya kafa a harabarsu. Amma a Accra, Kumasi, Cape Coast da Tamale, ina za ka kafa shi? Ƙasa tana da masu ita, ba a sauka a fili sai da izinin mai gari ko mai wurin. Ga zafi da gumi a kudu, tanti ya zama tanda tun hantsi. Ga sauro. Ɗakin haya mai fanka a ƙaramin masauki ya fi maka, kuma bambancin kuɗinsa da na filin tanti bai kai ya sa ka yi dakon kilo biyu ko uku na mako uku ba.

Sannan Ghana tana da abin da ba a sa wa farashi: zango. A Nima, Mamobi, Madina da Sabon Zango na Accra, da Aboabo a Kumasi, da Hausa za ka yi ciniki, ka tambayi hanya, ka sami mai nuna maka masaukin da baƙon Turai ba zai taɓa jin labarinsa ba. Tsohuwar alaƙa ce tun zamanin fataucin goro zuwa Salaga da Gwanja. Ba cewa nake ka je ka zama nauyi a gidan mutane ba, amma wanda ya yi sallar Magariba a masallacin unguwa ya gabatar da kansa da ladabi, da wuya ya kwana a tasha. Abinci ma ba baƙo ba ne, koko da ƙosai da safe, waakye, wato shinkafa da wake, da rana. A Kenya akwai Musulmi da yawa a unguwar Eastleigh ta Nairobi da birnin Mombasa, halal ba ta wahala, ugali (tuwon masara) da chapati (gurasar alkama) da githeri (dafaffen masara da wake) suna da araha, sai dai kai baƙo ne kamar kowa, da Turanci za ka yi komai.

Lokaci kuma, ka guji Afrilu zuwa Yuni a kudancin Ghana, da Maris zuwa Mayu a Kenya. Tanti mai araha da ruwan sama ba sa shiri.

Tunda ka ce kuɗin kaɗan ne ƙwarai, ni Ghana zan tura ka, kuma ba da tanti ba. Kuɗin sayensa ka sa shi a gidan sauro mai sauƙin ratayewa, da takalmi mai kyau, da maganin zazzaɓi, ragowar ya kai ka Mole da tsohon masallacin Larabanga da ke bakin hanyarta. Idan kuwa kwanan tantin shi ne ainihin abin da ke ranka, ba ganin ƙasa ba, to ka ƙara haƙuri ka tara na jirgi, ka nufi Naivasha a Janairu ko Fabrairu. Ka samo abokin tafiya ku raba tanti ɗaya da tukunya ɗaya, kuma da saukarka ka sayi layin Safaricom ka buɗe M-Pesa, wato asusun biyan kuɗi ta waya, domin har mai kayan miya a bakin titi da ita ake biyansa.