Ajin tarihin nan na WhatsApp: darasin Haiti kaɗai ya fanshi kuɗina

Masu tambayata a kan ajin tarihin duniya na wata uku da ake ta tallatawa, ga abin da na gani. Ni tela ne, na biya ne don in samu abin saurare ina kan keke, tunda Malamin da murya yake turo darasi, kuma da Hausa.

Makonni biyun farko juyin juya halin Faransa aka yi. Ba laifi. An fasa kurkukun Bastil ranar 14 ga Yuli 1789, an fille kan Sarki Luwis na 16 a 1793, duk dai abin da mutum ya taɓa ji sama-sama. Har na fara jin zafin kuɗina.

Sai wata Laraba ya turo murya doguwa a kan Haiti. Wallahi da girmana ban san an yi haka a duniya ba. Yanki ne a tekun Karibiyan da ke hannun Faransa a wancan lokacin, bayi kusan rabin miliyan suna noma mata rake da kofi. A watan Agusta 1791 bayin suka tashi a arewacin ƙasar, suka cinna wa gonakin rake wuta. Daga cikinsu aka samu Toussaint Louverture, wanda shi ma a bauta aka haife shi, ya zama jagoran yaƙi har Faransa ta soke bauta a 1794. Da Napoliyon ya hau mulkin Faransa, sai ya turo runduna a 1802 ƙarƙashin mijin ƙanwarsa, Janar Leclerc. Aka kira Toussaint da sunan sulhu, aka kama shi, aka kai shi Faransa, aka kulle shi a wani kurkuku mai tsananin sanyi a kan duwatsu, inda ya mutu a watan Afrilu 1803. Da Malam ya kawo nan sai ya yi shiru, har na ɗauka data ce ta ƙare. Can ya yi gyaran murya ya ci gaba. Cutar shawara ta kashe Leclerc da ɗimbin sojojinsa, Dessalines, ɗaya daga cikin janar-janar na Toussaint, ya ƙarasa yaƙin, ya ayyana 'yancin kai ranar 1 ga Janairu 1804.

Inda na tsayar da keke shi ne 1825. Faransa ta dawo da jiragen yaƙi, ta ce sai Haiti ta biya faran miliyan 150, kuɗin Faransa na lokacin, diyyar dukiyar da iyayengijin suka rasa. Mutum ya fanshi kansa da jininsa, kuma a ce ya sake kawo kuɗin fansa! Ko da na duba kaftanin da ke hannuna, na ɗora aljihun a bai-bai, sai da na farke. Sau uku na saurari muryar nan. Yaron shagona, wanda ba abin da ya dame shi sai ƙwallo, shi ya ce, "Oga, don Allah mayar mana baya." A ranar da an ce in ƙara kuɗi, zan ƙara.

Amma yanzu da nake rubutun nan, haushin darasin masana'antu ya dawo mini sabo. Shi na fi ɗoki, tunda yadi ne abincina. Abin da muka samu murya ce ta minti bakwai, janareto na ta ruri a bayansa, sai hotunan wasu shafuka na Turanci, a ajin da aka ce na Hausa ne. A ciki ya ce James Watt ne ya ƙirƙiro injin tururi. Ni kuma na ɗauka da zafinta na kai majalisa, ina ta baza ilimi. Ƙanena da ke karanta tarihi a jami'a ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaya, Thomas Newcomen ya rigaye shi, tun 1712, don janye ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai. Watt gyara ya yi masa, a 1769." A gaban mutane fa. Na tura wa Malam saƙo, ya buɗe ya karanta, har yau bai ce uffan ba.

Daga bakin ƙanen nawa na ji labarin masaƙun Mancesta a Ingila, da dokar ƙasar ta 1833 da ta hana sa yara 'yan ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙun auduga, da cewa yawancin audugar bayi ne suka noma ta a jihohin kudu na ƙasar Amurka. To mutumin da ya iya ba da labarin Haiti haka, me ya hana shi haɗa wannan da wancan?

Ga kuma surutun 'yan aji, gaisuwar Juma'a da tallan turare, sai ka yi ta laluben darasin a tsakiyarsu. A tallar an rubuta har da sauyin da Japan ta fara a 1868, amma wata ukun suka cika ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Muryar Haiti dai na kwafe ta a memori, tana aljihuna. Jiya Malam ya turo sanarwar zagaye na biyu, na ba shi amsa cewa ina bin sa bashin Japan.