Na'urar CPAP ta jarirai, abin da na gani da idona

Ɗana bakwaini ne, a sati 32 na haife shi, ko awa ɗaya bai yi ba ya fara wani irin nishi, ƙirji na loɓawa ciki duk jan numfashi, wallahi hankalina ya tashi sosai. Likita ta ce huhunsa ne bai gama ƙwari ba, sai suka sa masa CPAP mai kumfa, wato na'urar da ke taimaka wa jariri numfashi.

Abin da ya fi kwantar min da hankali ba a zura masa bututu a maƙogwaro ba, 'yan ƙananan robobi biyu ne a hanci da hula da ke riƙe su, shi ke numfashinsa da kansa, na'urar kawai tana tura iska mai ɗumi haɗe da oksijin don kada huhun ya rufe in ya fitar da numfashi. Ƙarshen tiyon na'urar yana cikin gorar ruwa, zurfin santimita 5 aka sa masa, nas ta ce min in dai ruwan na ɓulɓula to tana aiki, haka na kwana ina kallon kumfar nan ina addu'a.

Matsalarta hanci, nasa ya yi ja har ya ɗan saɓule, kuma cikinsa ya kumbura da iska sai da aka sa siririn tiyo ta baki. Don Allah iyaye mata ku riƙa duba hancin, in robar ta goce ku kira nas da wuri. Kwana 4 aka cire masa, kuma tun yana kanta aka bar ni na ɗora shi a ƙirjina.