Garejin rewaya a Kano da tsohuwar Lexus LX 470 da ta ƙi tashi

Duk wanda ke riƙe da tsohuwar jif ta alfarma ya san cewa ranar da ta ƙi tashi, abin da ya fi wuya shi ne samun mai gyaran da zai auna kafin ya kwance. Wannan sharhi ne a kan wani garejin rewaya da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda aka gyara min Lexus LX 470, kuma na ga ya dace in bayyana yadda suke aiki domin amfanin masu irin wannan mota, waɗanda suna da yawa a Kano da Kaduna da Abuja.

An ƙera LX 470 daga 1998 zuwa 2007 a kan ginin Toyota Land Cruiser 100, da inji mai silinda takwas da ake kira 2UZ-FE, mai lita 4.7. Inji ne mai juriya ƙwarai, amma ko wadda aka ƙera a shekarar ƙarshe ta daɗe a kan hanya yanzu, saboda haka dole wasu sassanta su gaji. Tawa ta fara ne da jinkiri: a murza makulli, a ji ƙara guda ɗaya "ƙyat" daga cikin bonet, sai an sake murzawa sannan ta kama. Daga baya ta daina kamawa gaba ɗaya, alhali fitilun dashbod suna kunne tar, hon yana kuka yadda ya saba. Da yake giyarta otomatik ce, babu zancen a tura ta ta tashi, sai da aka ja ta zuwa garejin.

Abin da ya fara burge ni shi ne tambayar da maigidan wurin ya yi kafin ya taɓa komai. Ya ce, "Alhaji, injin yana juyawa bai kama ba ne, ko kuwa ko juyawar ma ba ya yi?" Ya bayyana min cewa waɗannan cututtuka biyu ne mabambanta. Idan inji yana juyawa amma bai kama ba, ana zargin famfon mai, ko fiyus da rile na EFI (tsarin lantarki da ke fesa wa inji mai) da ke cikin akwatin fiyus na bonet, ko na'urar tsaro da ke karanta makulli, wadda idan ba ta gane makullin ba fitilarta za ta ci gaba da ƙyaftawa, injin kuma ba zai kama ba. Idan kuwa ko juyawa ba ya yi, to maganar ta tsaya a kan batir, da wayoyi, da makunnin giya, da kuma sitata, wato ƙaramar motar lantarki da ke juya inji don ya tashi.

Daga nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mafi sauƙi. Ya ɗora mita a kan batir, ta nuna kusan bolt 12.6, wanda shi ne abin da cikakken batir ke nunawa idan mota tana kashe. Ya sa yaronsa ya murza makulli yana kallon mitar, wutar ba ta faɗi sosai ba, alhali batir mai rauni yakan rufta ƙasa da bolt 10 da zarar an nemi ya juya inji. Ya kwance kawunan batir ya goge farin gishirin da ya taru a kansu, ya duba wayar da ke haɗa batir da jikin mota, sannan ya mayar da giya daga P zuwa N ya sake gwadawa, domin wani lokaci makunnin da ke hana mota tashi a cikin giya shi ne ke lalacewa. Sai da ya tabbatar cewa wuta tana tafiya zuwa sitata a duk lokacin da aka murza makulli, sannan ya ce matsalar tana cikin sitatan kanta. Na taɓa ganin wuraren da tun daga ƙofa za a ce ka sayo sabon batir, shi ya sa wannan tsari ya kwanta min a rai.

Wahalar wannan inji ita ce inda aka ajiye sitata. A yawancin motoci tana gefen inji daga ƙasa, ana iya kaiwa gare ta da hannu, amma a 2UZ-FE tana kwance ne a kwarin da ke tsakanin layukan silinda biyu, ƙarƙashin manifol ɗin da inji ke shaƙar iska ta cikinsa. Kafin a gan ta sai an cire bututun iska, an saki layin mai, an zare soket-soket masu yawa, an ɗaga manifol ɗin gaba ɗaya. A nan ne na ga kulawar da ta sa nake rubuta wannan. Robar soket ɗin ta bushe saboda zafin shekaru, tana karyewa da ɗan matsi kaɗan, sai ya hana yaran taɓa su, ya zare kowanne da kansa. Da aka ɗaga manifol, ya cusa tsumma mai tsabta a kowane ramin shaƙar iska guda takwas don kada noti ko yashi ya faɗa cikin inji, ya jera notunan a cikin wani tsohon faranti gwargwadon wurin da aka ciro su.

Da ya buɗe murfin solinoyid, wato makunnin da ke jikin sitata, ya kira ni ya nuna min ƙananan jan ƙarfe guda biyu da ke haɗa wutar batir da motar sitata. Ɗaya daga cikinsu ya cinye har ya yi rami, ya yi baƙi saboda tartsatsi, faifan da ke danna su shi ma ya ƙoƙe. Ƙarar "ƙyat" ɗin da nake ji faifan ne ke bugawa ba tare da wuta ta wuce ba. Ya ba ni zaɓi biyu a fili: a canza jan ƙarfen da faifan a bar sitatan asali ƙirar kamfanin Denso, ko a sayo wata 'yar Beljiyam daga kasuwa. Shawararsa ita ce a gyara ta asalin, tun da ya duba gawayin da ke kai wuta cikin motarta ya ga da sauran rai, ita kuwa ta hannu babu wanda ya san tsawon aikin da ta yi a baya. Ya kuma nace a sa sabon gaskit na manifol, domin tsohon idan aka mayar yakan bar iska ta shiga ta gefe, injin ya riƙa rawa a tsaye.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Aikin ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka yi min alkawari, saboda maigidan shi kaɗai ne ke yin aiki mai laushi, kuma motoci da yawa suna jiransa. Filin garejin babu siminti, babu rumfa mai kyau, ga shi lokacin hunturu ne, ƙura tana sauka a kan buɗaɗɗen inji, tsumman da ya sa ne kawai kariya. Ba su ba da rasit a rubuce ba, garantin aikin kuma na baka ne. Kuɗin hannu ya ninka kuɗin kayan sau da yawa, amma wannan ban ɗauke shi aibi ba bayan na ga abin da aka kwance aka kuma mayar.

Bayan an haɗa komai, motar ta tashi a murzawar farko. Bai sallame ni nan take ba, sai da ya auna caji yayin da inji ke aiki ya ga mitar ta haura kusa da bolt 14, ya leƙa ko mai yana tsiyaya daga layin da aka saki, ya kuma jona kwamfuta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari ya tabbatar babu wata lambar matsala da ta rage. Tun daga lokacin ba ta sake yin jinkiri ba. Zan ba mai LX 470 ko Land Cruiser 100 shawarar zuwa wurin, da sharaɗin ya daidaita kuɗin hannu tun kafin a fara, ya sayo gaskit mai kyau, ya kuma nemi a nuna masa duk abin da aka ciro daga motarsa.